Neman shawara: malamina ya ce munafukai kawai na jera, ban yi nazarin Huckleberry Finn ba

Ɗalibar Aji Huɗu:

Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masana adabi a cikinmu ku taimaka mini, kaina ya ɗaure.

Ina shekarar ƙarshe a sashen Turanci, kuma kundin kammala digirina a kan littafin Mark Twain ne, Adventures of Huckleberry Finn, wanda ya fito a Ingila ƙarshen 1884, a Amurka kuma farkon 1885. Jigon da na ɗauka shi ne munafuncin al'umma. Ga wanda bai karanta ba, labarin wani yaro ne farar fata mai suna Huck da ya tsere wa ubansa mashayi, ya haɗu da Jim, bawa baƙar fata da shi ma ya gudo saboda ya ji uwargijiyarsa na shirin sayar da shi. Suka hau wani dandamalin katako mai yawo a kan ruwa, suka bi kogin Misisipi, a zamanin da ake bauta a Amurka.

A babi na uku na tattaro duk inda na ga munafunci. Na fara da Uwargida Douglas mai riƙon Huck, wadda ta hana shi shan taba ta ce ƙazanta ce, alhali ita tana shaƙar garin taba. Na kawo 'yar'uwarta Miss Watson, uwargijiyar Jim, mai koya masa addu'a tana tsoratar da shi da wuta, amma da mai fataucin bayi ya taya Jim dala 800 sai ta kasa kau da kai. Na kawo gidajen Grangerford da Shepherdson da suka yi wajen shekara talatin suna kashe juna, ranar Lahadi su je coci ɗaya kowa da bindigarsa a tsakanin gwiwoyi, a yi musu wa'azin ƙaunar ɗan'uwa, su dawo gida suna yaba wa'azin, washegari a zubar da jini. Sai wasu 'yan damfara biyu da suka liƙe wa Huck da Jim a hanya, ɗaya ya ce shi jinin wani basaraken Ingila ne, ɗayan ya ce shi ɗan sarkin Faransa ne. Na cika shafi goma sha takwas.

Shekaranjiya malamin da ke duba kundin ya dawo mini da shi, jan biro ko'ina. A shafin ƙarshe ya rubuta cewa kiran suna na yi kamar a aji, na jera munafukai amma ban faɗi abin da littafin ke cewa game da munafunci ba. Ya ba ni sati uku.

Gaskiyar abin da ya tsaya mini a rai shi ne Silas Phelps da matarsa Sally, waɗanda aka tsare Jim a gonarsu a ƙarshen littafin. Na cire su daga jerin saboda na kasa kiran su munafukai. Silas manomi ne kuma mai wa'azi, da kuɗinsa ya gina 'yar majami'a, ba ya karɓar ko sisi. Yana shiga ɗakin da ya kulle Jim ya yi addu'a tare da shi, matarsa tana leƙawa ta ga ko ya ƙoshi. Mu a saninmu munafuki shi ne Musa a baki Fir'auna a zuci, ya san abin da yake ɓoyewa. Waɗannan ba su ɓoye komai ba. To me zan kira su? Ko in canza jigo tun da sauran lokaci?

Maman Biyu:

Wa'alaikumussalam. Ƙanwata kada ki canza komai, sati uku ba ya isa a fara sabon jigo. Ni ban karanci adabi ba, amma yadda na ji bayaninki, mutanen da kika cire ɗin nan su ne aikin. Ki jira Baba Malam ya shigo.

Tsohon Malamin Adabi:

Wa'alaikumussalam wa rahmatullah. 'Yata, malaminki ya yi miki gata, ko da yake na san jan biro ba daɗi. Tambayar da kika yi mana a ƙarshe ita ce ya kamata ta zama farkon babinki.

Ki ajiye 'yan damfarar nan a gefe tukuna. Su sun san ƙarya suke yi. Lokacin da tsohon cikinsu ya hau mumbari a taron wa'azi na Pokeville ya ce shi ɗan fashin teku ne da ya tuba, ya yi kuka, aka tara masa dala 87 da 'yan kai, babu abin da ya ruɗe shi a zuciyarsa. Irin wannan kowace ƙasa tana da shi, kuma jama'a sun san maganinsa, shi ya sa a babi na 33 aka shafe su da kwalta da gashin kaza aka zaga da su gari. Garin da ya hukunta su kuwa, a daidai wannan dare akwai mutum ɗaure a bukkar Silas, babu wanda ya ga aibun hakan.

Ki koma babi na 32. Huck ya iso gonar, Sally ta ɗauka ɗan 'yar'uwarta ne Tom, ta rungume shi tana hawayen murna. Ya ƙirƙiro ƙarya cewa injin jirginsu ne ya fashe. Ta tambaya ko wani ya ji ciwo. Ya ce a'a, wani baƙar fata ne dai ya mutu. Ta ce to an yi sa'a, domin wani lokacin mutane kan ji ciwo. Matar nan ba muguwa ba ce, kin faɗa da kanki. Tausayinta na gaske ne, sai dai tun tana yarinya aka shata masa iyaka, aka nuna mata wanda ake kira mutum da wanda ba a kira. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Twain ya san wannan daga cikin gida. Sunansa na yanka Samuel Clemens, an haife shi a 1835 a jihar Missouri, ya tashi a Hannibal a bakin kogin nan, kuma gidansu an riƙe bayi. A tarihin rayuwarsa ya faɗa cewa lokacin yana ɗan makaranta bai taɓa jin ƙyamar bauta ba, domin bai taɓa jin wani ya soke ta ba, jaridun garin ba su ce komai ba, daga kan mumbari kuma ana koya musu cewa Allah ya yarda da ita. Abin ya kai manyan ɗarikun coci sun tsage a kan maganar: Methodist a 1844, Baptist na kudu suka ware a 1845.

Inda nake so ki daɗe shi ne cikin Huck kansa. Wannan yaron ba ya zuwa makaranta sosai, ba ya son coci, a ganga yake kwana, amma duk da haka tarbiyyar garin ta shige shi. A babi na 16, da suka ɗauka sun kusa Cairo, inda kogin Ohio ya haɗu da Misisipi, Jim yana murna yana cewa zai yi aiki ya tara kuɗi ya fanshi matarsa, su biyun su fanshi 'ya'yansu, in mai su ya ƙi sayarwa a sato su. Huck ya ji jikinsa ya yi sanyi. Lamirinsa ya dinga cizon sa: me Miss Watson ta yi maka da za ka bar dukiyarta ta gudu? Ya ɗauki kwalekwale da niyyar tona asiri. Da ya haɗu da mutum biyu masu farautar bayi sai bakinsa ya ƙi, ya bar su suka ɗauka cewa ubansa ne a kan katakon yana fama da agana. Ki lura da abin da suka yi: suka ƙi matsowa, kowannensu ya ɗora dala 20 ta zinariya a kan wani ɗan katako ya turo masa, suka ce ya je gaba ya yi wa wasu ƙarya su taimake shi. Sun sayi kwanciyar hankalinsu da dala 40.

Sai babi na 31. An sayar da Jim, Huck ya zauna ya rubuta wa Miss Watson wasiƙa ya faɗa mata inda bawanta yake. Ya ce nan take ya ji an wanke shi daga zunubi. Sai ya tuna dare da rana a kan kogi, yadda Jim yake ɗaukar masa gadi ya bar shi ya yi barci, yadda ya ce masa shi kaɗai ne abokinsa a duniya. Ya yaga takardar, ya ce to shi ke nan, zai shiga wuta. Yaron bai ce bauta zalunci ce ba, har littafin ya ƙare bai faɗa ba. Ya yi imani cewa aikin alherin da zai yi shi ne zai halaka shi, ya kuma yi. A 1895 Twain ya rubuta a littafin ajiyarsa cewa labarin karo ne tsakanin lafiyayyar zuciya da gurguntaccen lamiri, lamiri ya sha kaye.

To ga abin da zan ce ki gina babinki a kai: a littafin nan munafuncin ya bar bakin mutum ɗaya ya koma tarbiyya, ya koma doka da wa'azi, har ya zama mutumin kirki yana aikata shi da zuciya ɗaya. Ki jera misalanki daga wanda ya san yana yi zuwa wanda bai sani ba, Silas da Sally su zo kusa da ƙarshe, Huck ya rufe.

Lauyan Gobe:

Baba Malam, Allah ya ƙara girma, na ƙaru sosai. Amma da izininka ban yarda a wanke Sally da Silas da sabulun rashin sani ba.

Sun sani. Wanda bai ɗauki Jim mutum ba, me ya kai shi yin addu'a tare da shi? Ana yin addu'a da saniya ne? Tun babi na 1 ana shigo da bayi cikin gida da dare a yi addu'a tare. Jim ya faɗa a babi na 8 cewa Miss Watson kullum tana cewa ba za ta sayar da shi can New Orleans ba, wato ta san abin da ke can, kuma Uwargida Douglas ta yi ƙoƙarin hana ta. A gidan wani mamaci mai suna Wilks ma, da 'yan damfara suka yi ƙaryar su 'yan'uwansa ne suka sayar da bayin gidan, uwa aka yi New Orleans da ita, 'ya'yanta maza biyu aka yi Memphis, Mary Jane, ɗaya daga cikin 'yan matan gidan, ta yi kuka kamar ranta zai fita, mutanen gari suka ce abin kunya ne a raba uwa da 'ya'ya haka. Ashe sun san uwa uwa ce. Abin da ba su yarda su ƙarasa ba shi ne tunanin, domin ƙarshensa asarar dukiya ce. Rashin sanin da yake kawo riba ni ba na kiran sa rashin sani.

Kuma a zamanin akwai masu faɗa musu. A 1837 aka kashe Elijah Lovejoy, fasto kuma ɗan jarida, a Alton ta jihar Illinois, a bakin wannan kogin dai, saboda yana rubutu a kan haramcin bauta. An ji, toshe kunne aka yi.

'Yar'uwa, ki ƙara da ɓangaren shari'a, na ga babu shi a jerinki. A babi na 5 Alƙali Thatcher da Uwargida Douglas sun je kotu a raba Huck da ubansa, sabon alƙali ya ce bai kamata kotu ta raba iyali ba, ya mayar da yaro hannun mashayi. A jihar da ake raba iyalin bayi a kasuwa kullum. A babi na 6 uban nan, wanda ko sunansa bai iya rubutawa ba, yana zagin gwamnati saboda ya ga wani baƙar fata ɗan Ohio, malamin kwaleji mai jin harsuna, an ce a garinsu har ƙuri'a yake jefawa. Ya tambaya me ya sa ba a yi gwanjonsa ba. Ƙasar kanta a kan wannan tsagin aka kafa ta: takardar 'yancin kai ta 1776 ta ce an halicci dukkan mutane daidai, wanda ya rubuta ta, Thomas Jefferson, ya mallaki bayi sama da 600 a rayuwarsa. A 1857 kotun ƙoli ta yanke a shari'ar Dred Scott, wani bawa da ya kai ƙara yana neman 'yancinsa, wadda ta faro daga Missouri, cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne.

Tsohon Malamin Adabi:

Ɗana, ka yi magana. Maganar addu'ar nan ban taɓa kallon ta haka ba. Zan gyara nawa in ce sun sani rabi, kuma garin gaba ɗaya yana taimaka musu kada su san sauran rabin. 'Yata ki sa duka biyun a babinki, ki bar su su yi gardama a kan takarda. Abin da malaminki yake nema ke nan.

Malamar Islamiyya:

Assalamu alaikum. Ƙanwata, a kan kalmar da ta dame ki zan ɗan sa baki. Malamai sun raba munafunci gida biyu, na aƙida da na aiki. Na aƙida shi ne wanda kike nufi, mai bayyana imani yana ɓoye akasinsa. Na aiki kuwa hali ne, yana iya samuwa a wurin mutumin da bai ɗauki kansa munafuki ba, shi ya sa magabata suke jin tsoronsa ga kawunansu. Hadisi ya ba da alama uku: in ya yi magana ya yi ƙarya, in ya yi alkawari ya saɓa, in aka amince masa ya ci amana.

Na karanta littafin lokacin ina kwaleji, kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne babu wanda ya kai Huck yawan ƙarya. Ya yi shigar mata ya ce sunansa Sarah, ya ce shi George Jackson ne, ya ce shi Tom ne. Amma alkawarin da ya yi wa Jim a tsibirin da suka haɗu cewa ba zai tona shi ba, ko da mutane za su raina shi, bai saɓa ba. Miss Watson ba mu ji ta yi ƙarya ko sau ɗaya ba, amma da kuɗi suka zo maganarta ta fara rawa. Ba ina cewa ki ɗora hukuncin addininmu a kan mutanen littafin ba, kuma ba ina halatta ƙarya ba. Ina nuna miki ne cewa ko a wurinmu kalmar ta fi faɗin yadda kika ɗauke ta, don haka kada ki ji nauyin amfani da ita. Ki dai bayyana a farkon babin wane iri kike nufi.

Abu ɗaya kuma, don Allah. Kada rubutunki ya zama sukar Kiristoci. Abokan karatunki da malamanki akwai Kirista, kuma ba gaskiyar tarihi ba ce. Shi Lovejoy da aka ambata fasto ne. Frederick Douglass, wanda ya gudo daga bauta ya rubuta labarinsa a 1845, a ƙarshen littafinsa ya bambanta addinin Almasihu da addinin masu riƙe bayi, ya ce na farkon yake ƙauna. Laifi tudu ne, in muka tsaya hango na wasu za mu manta muna tsaye a kan namu.

Ɗalibar Aji Huɗu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Malam, Malama, Yaya Lauya, wallahi kun buɗe mini ido. Tun ɗazu nake rubutawa a takarda.

Saura abu biyu. Na farko ƙarshen littafin. Bayan Huck ya yaga wasiƙa sai Tom Sawyer, abokin Huck kuma ɗan 'yar'uwar Sally, ya bayyana, aka shafe babi wajen goma ana wasa da Jim: a haƙa rami, a zuba masa macizai da ɓeraye da gizo-gizo a ɗaki, a sa shi rubutu da jini a jikin riga, duk don ya yi kama da fursunonin littattafan da Tom ya karanta. Sai a babi na 42 Tom ya faɗa cewa Miss Watson ta rasu wata biyu da suka wuce, ta 'yanta Jim a wasiyyarta, kuma shi ya sani tun farko. Raina ya ɓaci da na karanta, na tsallake shi a kundin gaba ɗaya. Na biyu, kalmar zagin baƙar fata da ta cika littafin. In zan kawo misali, in rubuta ta ko in bar ta?

Anti Mai Zaman Amurka:

'Yata sannu da ƙoƙari. Ɗana ya karanta littafin nan a sakandare a nan, shi kaɗai ne baƙar fata a ajin, don haka maganar kalmar ba labari ba ce a wurina. Ya dawo gida ranar da aka karanta wani shafi da ƙarfi bai ci abinci ba. Kalmar ta fito sau 219. A 2011 wani kamfanin ɗab'i a Alabama ya fitar da bugun da aka maye gurbinta da kalmar bawa, aka yi ta muhawara. Shawarata, a cikin maganarki ke kada ki rubuta ta. In kin ɗauko magana daga littafin kai tsaye, ki tambayi malaminki tsarin sashenku, ki kuma yi ɗan bayani a gabatarwa. A maganar Sally dai dole mai karatu ya san kalmar da Huck ya faɗa, domin a kanta ma'anar take.

Ƙarshen kuwa, kada ki tsallake. Ɓacin ran da kika ji manyan marubuta sun ji shi. Marubucin Amurka Ernest Hemingway a 1935 ya ce adabin Amurka na zamani daga littafin nan ya fito, amma ya ce a tsaya inda aka sace Jim, sauran ha'inci ne. Ni ban bi shi ba. Ki duba lokacin rubutun. Twain ya fara a 1876, ya ajiye, ya dawo, bai gama ba sai 1883. An riga an haramta bauta a 1865. A 1877 gwamnatin tarayya ta janye hannunta daga kudu, aka bar baƙaƙen fata da tsofaffin iyayengijinsu. A 1883 kotun ƙoli ta rushe dokar 1875 da ta hana wariya a wuraren jama'a. Wato a lokacin da mutumin nan yake rubuta labarin wani da doka ta riga ta 'yanta amma yana ɗaure, wani yaron gidan mutunci yana wasan 'yantar da shi, abin da ke faruwa a ƙasar ke nan. Masu nazari da yawa haka suke karanta babobin. Tom shi ne ɗan gidan tarbiyya, kuma bai yarda ya taimaka ba sai da ya tabbata ba dokar da zai karya. Da harsashi ya same shi a ƙafa, Jim ne ya fito daga maɓoyarsa ya taimaki likita, yana sane cewa za a sake kama shi. Sakayyar da mutanen gari suka yi masa bayan likita ya yabe shi ita ce sun yarda su daina zaginsa, sarƙar kuwa ba wanda ya tuna a rage. A ƙarshe Tom ya ba shi dala 40, daidai kuɗin da tsohon ɗan damfara ya karɓa ya sayar da shi.

Amma kada ki wanke Twain tas. Akwai wuraren da ya mayar da Jim abin dariya irin na wasannin da fararen fata suke shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon baƙaƙe, kuma shi kansa yana son waɗannan wasanni. Ralph Ellison, marubuci baƙar fata ɗan Amurka, ya yi magana a kan haka. Mutum ɗaya ne ya rubuta wancan, ya kuma rubuta babi na 23, inda Jim yake kuka yana ba da labarin ranar da ya mari 'yarsa mai shekara huɗu don ta ƙi rufe ƙofa, bai san zazzaɓi ya kurmantar da ita ba. Mutum ɗaya ne kuma ya biya wa wani ɗalibi baƙar fata, Warner McGuinn, kuɗin zama a makarantar lauyoyi ta Yale a 1885. In kina da sarari ki nemi littafin Percival Everett mai suna James, na 2024, ya sake ba da labarin daga bakin Jim. Amma da sati uku a hannu, ki gama naki tukuna.

Lauyan Gobe:

Anti ta tuna mini. A 1885 ɗin, ɗakin karatu na garin Concord a Massachusetts ya hana littafin shiga. Ba don yadda aka wulaƙanta Jim ba, sai don wai harshen yaron na 'yan tasha ne, ba ladabi. Jimla ɗaya a gabatarwarki ta ishe shi.

Maman Biyu:

Ni dai tawa ta aiki ce. Kada ki sake rubuta shafi goma sha takwas kafin ki ga malamin. Ki rubuta shafi ɗaya tak, abin da kike son cewa da babobin da za ki kafa hujja da su, ki kai masa ranar Litinin da safe kafin ofis ya cika. In ya amince kin huta, in ya gyara kwana biyu kawai kika rasa. Kuma ki riƙa cin abinci.

Ɗalibar Aji Huɗu:

In sha Allahu haka zan yi, Maman Biyu. Anti na gode, Allah ya raya mana shi, ki gaishe shi.

Jiya da dare na koma babi na 16 kamar yadda Baba Malam ya ce. Sau uku na karanta littafin nan ban taɓa tsayawa a wurin ba. Da Jim ya ce zai sato 'ya'yansa, Huck bai kira su 'ya'yan Jim kawai ba, ya ƙara da cewa yara ne mallakar wani mutum da shi bai ma sani ba, mutumin da bai taɓa yi masa laifin komai ba. Tausayin mai su yake ji, uban yaran yana zaune kusa da shi. Na daɗe riƙe da littafin ban juya shafi ba.

Da wannan zan buɗe babin. 'Yan damfara na rage su zuwa shafi biyu, Silas da Sally sun dawo ciki, kuma gardamar Baba Malam da Yaya Lauya zan kawo ta yadda take, domin har yanzu ni kaina ban gama yanke wanda na fi bi ba. Malama, bayanin kalmar zai zo a shafin farko. In na dawo daga ofishinsa ranar Litinin zan faɗa muku abin da ya ce.